Yadda Ake Zaɓar Saurin Ɗaga Ƙarfe da Sauke Shi Don Gina Tsoka

Mutum biyu za su iya kwanciya a kan benci guda, kowannensu ya tura ƙarfe mai kilo 60 sau 10, amma aikin da tsokarsu ta yi ya sha bamban. Ɗaya ya saki ƙarfen ya faɗo masa, ya bugi ƙirji ya yi tsalle, shi kuma ya cafe shi a hanya ya ƙarasa. Kafin sakan 15 ya gama ya miƙe. Ɗayan ya sauko da shi a hankali, ya taɓa ƙirji, ya ɗan tsaya, sannan ya tura da iya ƙarfinsa. Shi sai da ya ci sakan 40. In ka duba littafinsu abu ɗaya suka rubuta: 60 sau 10. Wannan lokacin da ake ɗauka wajen saukewa da ɗagawa shi masu horarwa ke kira temfo, kuma a kansa ake yawan musu a wuraren ɗaga ƙarfe. Wani ya ce sai da nawa tsoka ke fitowa, wani ya ce a'a, sai da zafin nama.

Ni matsayata ita ce: ka mallaki ƙarfen lokacin saukowa, ka tura shi da niyyar sauri lokacin hawa, ka tsaya cak a wurin da ka san kana yin ha'inci. Ƙidayar sakan ba ita ke gina tsoka ba. Amfaninta shi ne ta sa ɗagawar yau ta yi daidai da ta makon jiya, ta yadda in ka ƙara kilo 5 za ka tabbata ƙarfinka ne ya ƙaru, ba dabarar jifa ka ƙware a kai ba.

Mataki na farko: ka iya karanta lambobin

Kowace ɗagawa gida huɗu ce: saukewa, tsayawa a ƙasa, ɗagawa, tsayawa a sama. Shi ya sa za ka ga an rubuta lambobi huɗu a jadawalin horo, kamar 3-1-1-0. Ma'anarsa sakan 3 kana saukewa, sakan 1 ka tsaya a ƙasa, sakan 1 ka tura sama, babu hutu a sama sai ka sake saukowa. Jimla sakan 5 ke nan, sau 10 kuma sakan 50. In ka ga harafin X a gida na uku, ana nufin ka tura da dukan saurin da za ka iya. Ian King na Ostareliya da Charles Poliquin na Kanada, wanda ya mutu a 2018, su suka yaɗa wannan salon rubutu a tsakanin masu horarwa.

Ga inda ake rikicewa. Lambar farko kullum ta saukewa ce, ko da motsin da ɗagawa yake farawa. A tsuguno da turin benci babu matsala, da saukowa kake farawa. Amma a jan jiki a sanda, ko naɗe hannu don damtse, ko ɗago ƙarfe daga ƙasa, da lamba ta uku za ka fara. In an rubuta maka 3-0-1-1 a jan jiki a sanda: ka ja cikin sakan 1, ka riƙe sakan 1 haɓarka na saman sanda, ka sauko cikin sakan 3.

Mataki na biyu: ka san faɗin filin da kake da shi

A 2015 Brad Schoenfeld na Kwalejin Lehman da ke New York, tare da Dan Ogborn da James Krieger, sun tattara bincike 8 da aka kwatanta ɗagawa mai sauri da mai nawa. Abin da suka samu shi ne, daga rabin sakan har zuwa sakan 8 a kowace cikakkiyar ɗagawa, sauka da hawa, girman tsokar da aka samu kusan ɗaya ne, muddin an ci gaba da yi har tsoka ta gaza. Sai da aka wuce sakan 10 alamun koma-baya suka bayyana. Wato filin na da faɗi ƙwarai. Mai yin 2-0-1-0 da mai yin 4-1-2-0 duk suna cikin gona, babu dalilin da zai sa su yi ta jayayya.

Shi kuwa salon nan na nawa mai tsanani, wanda ake cin sakan 10 wajen ɗagawa kaɗai, Ken Hutchins ne ya fito da shi a 1982, lokacin wani bincike a Jami'ar Florida kan tsofaffin mata masu raunin ƙashi. A wurinsu akwai hikima, don fizga na iya yi musu illa. Amma saurayi mai lafiya da ke neman faɗin ƙirji, in ya ce haka zai riƙa yi, dole ya rage nauyin ƙarfen sosai. Jiki kuwa ƙananan zaren tsoka yake fara turawa aiki. Manyan zare, waɗanda suka fi saurin kauri, ba sa shigowa sai nauyi ya yi nauyi ko gajiya ta kai maƙura. Mai nawa da ƙaramin ƙarfe sau da yawa raɗaɗi da haki ne ke tsayar da shi tun kafin manyan su shigo. Raɗaɗin nan da ake ji kamar wuta a tsoka yana ruɗin mutane da yawa, su ɗauka shi ne alamar girma.

Mataki na uku: saukewa, sakan 2 zuwa 3

Nan ne mafi yawan mutane ke zubar da rabin aikinsu, don haka nan zan fi daɗewa. Tsoka ta fi ƙarfi lokacin da take miƙewa tana riƙe da nauyi fiye da lokacin da take tattarewa tana ɗagawa. Bambancin yakan kai kusan kashi 40 cikin 100. Wanda ba zai iya tura kilo 80 ba, yana iya sauko da shi lafiya lau. Saboda saukewar ta fi sauƙi, sai a riƙa rena ta, a sakar wa ƙarfe ya faɗo da kansa. To in ƙarfe ya faɗo da kansa, tsoka ba ta yi komai ba a wannan rabin, sai dai gaɓoɓi da jijiyoyi su karɓi dukan a ƙasa.

Ka tuna mai ɗiban ruwa a rijiya da ya ga dama ya mayar da guga cike da ruwa ƙasa. In ya saki igiya ta zarce, tafin hannunsa ne zai ƙone, gugan kuma ya bugi bango. In yana sakinta hannu bayan hannu, duk inda ya so tsayar da gugan zai tsayar. Wannan shi ne gwajin: a kowane wuri cikin saukowa, da wani zai ce maka "tsaya!", za ka iya tsayawa nan take? In za ka iya, saurinka ya yi. In ba za ka iya ba, ƙarfen ne ke jan ka.

Ga yawancin mutane wannan yakan zo daidai da sakan 2 zuwa 3. Sabon shiga ya fara da 3, don jikinsa ya koyi hanyar da ƙarfe ke bi: a benci sandar ta sauka daidai ƙasan ƙirji kowane lokaci, a tsuguno gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa kada ta faɗa ciki. Bayan wata biyu ko uku, in hanyar ta zauna, ya koma 2. Sakan 4 ko 5 magani ne na lalura, ba abincin kullum ba: ana amfani da shi a gyara wani motsi da ya lalace, ko a lallaɓa gwiwa ko gwiwar hannu mai ciwo da ƙaramin nauyi, ko in ƙarfen da ke hannunka ya yi maka kaɗan.

Kuma saurin ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Akwai masu cin sakan 2 a rabin sama inda babu wahala, in sun zo rabin ƙasa su sulale. Alhali ƙasan nan, inda tsoka ta miƙe tana ɗauke da nauyi, shi ne wurin da ya fi amfani wajen girma. In ma za ka rage gudu a wani wuri, a can ya kamata.

Mataki na huɗu: ɗagawa, da niyyar sauri

A nan kada ka ƙidaya komai. Ka tura kawai, da ƙarfi, ba tare da ka ɓata tsayuwarka ba. A 2014 Juan José González-Badillo da abokan aikinsa a Sifaniya sun raba matasa gida biyu a turin benci na mako 6. Nauyi iri ɗaya, yawan ɗagawa iri ɗaya. Bambancin kawai kashi ɗaya suna turawa da iya saurinsu, ɗaya kashin suna turawa da rabin wannan saurin da gangan. Masu sauri ƙarfinsu ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100, masu nawa kuwa kusan kashi 10.

Abin lura, niyya ake magana, ba abin da ido ke gani ba. In ƙarfe ya yi nauyi, ko ka zo ɗagawa ta tara da ta goma, zai riƙa tafiya a hankali duk da kana turawa da dukan abin da kake da shi. Wannan nawar ita ake nema. Ita ce shaidar cewa manyan zaren tsoka sun shigo kuma suna gajiya. Nawar da ka ƙirƙira da kanka tun a ɗagawar farko ba ita ba ce. Sai dai sauri bai ba ka lasisin jifa ba. In duwawunka na tashi daga benci, ko kana lilo da baya kafin damtse ya naɗe, ko ƙarfen na barin hannunka a sama yana kaɗawa, ka wuce gona da iri. A ƙananan motsi irin na kafaɗa da damtse, sakan 1 cikakke mai santsi ya fi fizga.

Mataki na biyar: ka zaɓi inda za ka tsaya

Tsoka da jijiya na ajiye wani ƙarfi in an miƙe su da sauri, su mayar da shi in aka juya nan take. Shi ya sa mai tsalle yake ɗan durƙusawa kafin ya tashi. Greg Wilson da abokansa a Ostareliya sun auna wannan a turin benci a 1991: kafin sakan ɗaya ya cika rabin wannan taimakon ya zube, bayan sakan 4 kuma babu sauransa. Don haka tsayawar sakan 1 a ƙasa ta isa ta ƙwace maka babban rabo na wannan rancen, ta bar tsoka da aikinta.

A gasa ma doka ce. Masu ɗaga ƙarfe na nakasassu, fagen da Najeriya ta yi suna a duniya, dole sandar ta tsaya cak a ƙirji kafin a tura, in ba haka ba alƙalai su soke. Da wannan sharaɗin Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a Paris a 2024, ta ci zinare ta kafa tarihin duniya. Duk mai cewa tsayawa a ƙirji na hana ɗaukar nauyi, ga amsarsa.

Tsayawa ba hutawa ba ce. Ƙarfen ya taɓa riga kawai, kada ya nutse cikin ƙirji. Ciki a ɗaure, kafaɗu a matse. A tsuguno kada ka zauna a kan dugaduganka ka saki jiki. Wurin da tsayawa ta fi zama dole shi ne ɗage don sharaɓa, domin agara ta fi kowace jijiya iya wannan ajiye-ka-mayar. Mai yin ɗage sau 50 yana tsalle-tsalle agararsa yake wa horo. Ya tsaya sakan 2 a ƙasa ya gani ko zai kai 15. Tsayawa a sama kuwa tana da amfani ne inda nauyi bai bar tsoka ba a can, kamar jan jiki a sanda da janyo ƙarfe zuwa ciki. A saman benci ko tsuguno, inda gaɓa ta miƙe ƙashi ya ɗauki nauyin, tsayawa numfashi ce kawai. Ka ɗauke shi ka ci gaba.

Mataki na shida: ka rage nauyi, ka gyara ƙidayarka

Ranar da ka fara wannan, ƙarfen da ka saba zai fi ƙarfinka. Ka cire kashi 10 zuwa 20 cikin 100 tun kafin ka kwanta. Mai tura 60 ya koma 50. Abokai za su yi magana, ƙyale su. Cikin 'yan makonni za ka dawo 60 ɗin, wannan karon da hannunka.

Sai ƙidaya. Mutum in yana ƙarƙashin nauyi, "ɗaya, biyu, uku" ɗinsa ba ya cika sakan biyu. Ka riƙa cewa "ɗari da ɗaya, ɗari da biyu, ɗari da uku" a zuci. Abin da ya fi wannan, ka jingina waya a gefe ta ɗauki bidiyon zubi ɗaya, wato jerin ɗagawar da kake yi kafin ka huta, ka duba sakan nawa ɗagawa ta biyu ta ci, nawa ta tara ta ci. Akwai kuma manhajoji masu buga ƙararrawa daidai-daidai. Ka saita 60 a minti, kowane bugu sakan ɗaya ke nan. Mako biyu da wannan sun isa jiki ya haddace.

Ƙidayar ce kuma za ta gaya maka lokacin ajiye ƙarfe. Da zarar saukewar sakan 3 ta koma 1 ba da sonka ba, ko ka ga sai ka buga a ƙirji kafin ya tashi, zubin ya ƙare, ko da lissafin bai cika ba. A manyan motsi ka tsaya kana jin saura ɗagawa 1 zuwa 3 a jikinka. A benci da tsuguno kada ka nemi gazawa sai da mai tsaya maka.

Abin da zan ba mai farawa

Tsuguno da turin benci 3-1-X-0 a wata biyun farko, daga baya 2-0-X-0 ko 2-1-X-0, sau 6 zuwa 10 a kowane zubi. Jan jiki a sanda da janyo ƙarfe zuwa ciki 2-0-1-1. Damtse da bayan hannu 3-0-1-0, sau 10 zuwa 15. Buɗa hannuwa gefe da dambel, ƙaramin ƙarfen da ake riƙewa a hannu ɗaya, 2-0-1-1, da nauyin da zai ba ka kunya. Ɗage 2-2-1-1. Ɗago ƙarfe daga ƙasa shi ne na daban: in ya yi nauyi kada ka ja lokaci wajen mayar da shi, sakan 1 zuwa 2 da baya a miƙe ya isa, ka bar shi ya zauna a ƙasa sarai kafin ka sake ɗagowa. In kuwa irin wanda ake sunkuyawa da gwiwa kusan a miƙe ne don bayan cinya, to nan sakan 3 na da amfani.

Wanda bai iya jan jikinsa a sanda ko sau ɗaya ba, ya taka benci ya hau sama, ya sauko cikin sakan 4 ko 5, sau 4 ko 5, zubi 3. Da yawa ta nan suke samun jansu na farko, maza da mata.

In ƙarfenka na siminti ne

Da yawa daga cikinmu a unguwa muke ɗagawa, da siminti da aka zuba a gwangwanin madara ko tsohon ƙarfen mota da mai walda ya haɗa. Ba ka da faifan kilo 2 da rabi da za ka ƙara in ƙarfi ya ƙaru. A nan temfo ya zama maka hanyar ƙari. Ka ce dutsenka kana tura shi sau 20 ba wahala. Mako na farko da na biyu ka koma 3-0-X-0. In ka sake kaiwa 15 da sauƙi, ka sa tsayawa: 3-1-X-0. Daga nan 4-2-X-0. Haka firesof, wato tura jiki daga ƙasa da hannuwa: sakan 4 zuwa ƙasa, sakan 2 ƙirji na dab da ƙasa, sannan ka tashi da ƙarfi. Amma abin na da iyaka. In jimlar ɗagawa ɗaya ta kusa sakan 8 kuma har yanzu kana wuce 15, ƙidaya ta gama nata. Ka sayi siminti ka zuba babban gwangwani, ko ka koma yi da ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka ƙara nauyi ka kuma canza ƙidaya rana ɗaya, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka rubuta lambobin huɗu kusa da kilo a littafinka.

Hattara biyu

Saukewa a hankali ita ta fi kawo tsamin jikin nan da ke tsananta bayan kwana 1 zuwa 3. Wannan ba komai ba ne, kuma yana raguwa a karo na biyu. Abin tsoro shi ne mutum ya daɗe bai yi horo ba, ya zo ya yi ta saukewa a hankali zubi bayan zubi, cikin zafin Afrilu, babu isasshen ruwa a jiki. Tsoka na iya fashewa ta zubar da abin cikinta a jini har ya taɓa ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma launin baƙin shayi, tsoka ta kumbura, ciwo ya wuce misali. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙo ba. Masu rukunin jini na AS, waɗanda a Najeriya sun kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu, haɗarin ya ɗan fi yawa a kansu, don haka su fi kowa kula da ruwa da hutu. Satin farko zubi 2 a kowane motsi ya wadatar. Mai azumi kuma ya bari sai bayan buɗa-baki.

Na biyu numfashi. Ɗagawa mai cin sakan 5 ko 6 ba a yin ta da numfashi a riƙe tun daga farko har ƙarshen zubi. Ka ja iska a sama, ka ɗaure ciki, ka sauko, ka fitar da ita bayan ka wuce wurin da ya fi wuya, ka sake ja. Riƙe numfashi ƙarƙashin nauyi na sa jini ya hau ƙwarai na ɗan lokaci: a 1985 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun auna matsakaicin 320 bisa 250 a masu tura nauyi da ƙafa biyu. Mai lafiya jikinsa na jurewa, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna, kuma ya zauna a matsakaicin nauyi yana numfashi a kowace ɗagawa.

Bayan mako 6 zuwa 8 ka daina ƙidaya a manyan motsi, ka mayar da hankalinka kan turawa. Sau ɗaya a wata ka sake jingina waya ka ɗauki zubinka mafi nauyi. In saukewar na nan wajen sakan 2 kuma sandar na taɓa wuri guda, ka ƙara kilo 2 da rabi ko 5. In ta zame ta koma faɗuwa, ka cire kilo 5 ka koma 3-1-X-0 na mako biyu.